Ɗinkin Baduku a Goshin Sa

A shekarun da garmar shanu ta soma shiga gonakin Dagumawa, wani bijimi ya soki san noman Maikano a hanyar kasuwar Wudil. Ƙahon ya ɗaye fatar goshinsa, faɗin tafin hannu, ta rage tana reto da ɗan siririn nama. Bisa abin da aka gada, gwanin allura ake nema, saboda haka aka kira Sharhabilu baduku. Ya ɗinke ta yadda ubansa ya koya masa ɗinkin sirdi, a matse, ko iska ba ta ratsawa.

A kwana na biyu fatar ta yi sanyi, ta soma duhu, san ya ƙi ko harawa. Ga damina ta ƙarato, Maikano kuwa ba shi da wani. Mahauci ya zo da wuƙarsa ya tsuguna, don kada dabba ta zama mushe.

Ana haka Halliru malamin dabbobi ya iso bisa keke. Bayan gaisuwa ya shafa goshin, ya ce wa Sharhabilu, "Baba, ɗinki ya yi kyau, amma ka shaƙe ta. Ta wannan siririn naman ne jini yake shiga, kafin sababbin jijiyoyi su tsiro daga ƙasa su kama ta. Sai an kwance nan."

"Kai yaro, shekara arba'in ba a taɓa kwance mini zare ba! Haka kakana ya yi."

"Taku fatar jemammiya ce, Baba. Wannan da ranta."

Mahauci ya ce, "Maikano, ka yi magana. In ya faɗi, ba ruwana."

Kunyata dattijo a bainar jama'a ba tarbiyyar gidan su Maikano ba ce, amma ga sa yana haki. Ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah, hannun da ya ɗinka shi ya san inda zai kwance."

Sharhabilu ya zaro aska ya yanke zare bakwai.

Aka jira har la'asar. Halliru ya soka allura a gefen fatar, ba abin da ya fito. Maikano ya ƙanƙame igiya. Halliru ya sake sokawa a tsakiya. Can sai ga ɗigon jini, ja wur, ya gangaro.

Halliru ya ce, "Gefen zai bushe ya faɗi, amma tsakiyar ta sha. Ku ba shi ruwa."