Gidan Sida

Laouali irin mutanen nan ne da in ya sayi sabon takalmi a Greensboro sai an ji ƙararsa a Maraɗi. Direban babbar mota ne, yana zaune da matarsa Yasmina a wani ɗan gidan haya mai ɗaki biyu a East Greensboro, amma dangin matar can gida sun sha labarin "gidana na Amirka" har sun ƙoshi. Bai taɓa cewa ya gina ba, bai kuma taɓa cewa haya ce ba. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Surukarsa Hajiya Bebi ta samu biza, za ta zo ganin jika.

Tsoro ya kama shi sosai, don duk abin da Hajiya Bebi ta koma ta faɗa, shi ne sunansa a Maraɗi har ya mutu. Sai ya yi dabara irin tasa. Can bayan Pleasant Garden, cikin daji, ya kama hayar ɗaya daga gidajen hutun nan da Turawa ke so, na gumagumai da aka jera kan juna, ba yaɓe ba fenti. Yasmina ta ce uwarta ba ta ƙetare teku don kallon itatuwa ba. Ya ce ita ba ta san daɗi ba, masu kuɗin Irving Park ma layi suke yi wa irin gidan.

Daga filin jirgi can ya zarce da tsohuwa. Ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ya kamata, Yasmina ta shige ciki da jariri, shi kuma maimakon ya ja bakinsa ya yi shiru irin na suruki, sai ya buɗe makaranta.

"Hajiya, nan gidan sida ne," in ji shi. "Ba kowa ake kawowa nan ba."

Sunan itacen yake nufi, yadda ya ji Turawa na faɗi. Zaman Amirka ya mantar da gogan cewa a Nijar da wannan kalmar ake kiran cutar ƙanjamau. Ya ci gaba da zuba: gara ba ta cin itacen, ruwa ba ya ruɓar da shi, asu ba ya taɓa tufafi a ciki, yana riƙe ɗumi, ƙamshinsa kuma yana sa mutum ya huta.

Hajiya Bebi ta dubi dajin, ba maƙwabci, ba masallaci. Ta shaƙi warin nan mai kama da magani. Ta dubi wuyan surukinta, wanda dama can Allah ya yi shi siriri. Laouali ya ɗauka kyan gida ne ya ɗaure mata baki, har da ƙifta wa matarsa ido.

Matar da a da gaisuwarsa ma da ƙyar take amsawa, sai ga ta tana dama masa kunu da hannunta, tana yi masa tofi a ruwa, tana cewa ya rage tuƙi. Kiran waya kuma ya fara shigowa daga Maraɗi, dattawan da ba su taɓa nemansa ba suna tambayar ya jiki. Laouali ya dinga hura hanci, a ganinsa girma ne ya zo. Sai da kawun Yasmina ya ce masa Allah ya sa kaffara ce, sannan ya gane akwai lauje cikin naɗi.

Yasmina ce ta tambayi uwarta, ta fito tana dariya har da hawaye. Dole Laouali ya sake durƙusawa, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce sida sunan icce ne, shi lafiyarsa lau. Da ya ga tsohuwa ba ta gamsu da zaman daji ba, ya ƙara da cewa gidan ma ba nasa ba ne, na hutu ne ya kama haya. Nasa yana cikin gari, haya ce, na bulo, kusa da masallaci.

Hajiya Bebi ta juya wajen 'yarta.

"Ciwo daga Allah yake, ba abin kunya ba ne, na ma riga na yi niyyar zama in yi jinya," ta ce. "Amma mutum da ɗakin bulo cikin jama'a, ya biya a kai shi daji ya kwana bukka? Wannan da ƙafarsa ya je ya ɗauko."

A mota, suna hanyar komawa gari, ta karɓi wayar Yasmina don ta gyara labari a zauren dangi. Laouali ya rage gudu, ya kasa kunne.

"To jama'a, a kwantar da hankali," in ji Hajiya Bebi. "Jikinsa dai lafiya lau. Amma kada a fasa yi mashi addu'a."