Injin Katako na Badaru Kafinta

Duk Dakoro babu wanda ya taɓa jin Badaru kafinta ya kira sunan ɗansa na fari. Zaharaddini aka raɗa wa yaron ranar suna, amma shekara talatin da ɗaya ke nan sunansa a bakin uban "wancan", in kuma sun haɗu ido da ido, "kai". Haka aka gada, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi. Sai dai Badaru ya riƙe kunyar nan fiye da yadda al'adar ma ta nema. Yaron ya gama makarantar koyon sana'a a Maraɗi, ya wuce Yamai, ya shekara bakwai can yana aiki a wani babban atiliye, wato shagon kafintoci, uban bai taɓa buɗe baki ya ce masa ya dawo ba. Kewa dai tana cinsa, ci na gaske. Matarsa Dela ita ma ba ta kiran sunan, amma ita tana da yaji da cuku da take ba direbobi su kai. Shi kuwa me kafinta zai aika? Kujera?

Wata rana da la'asar yana alwala a tsakar gida, Lailatu ƙanwar Zaharaddini, wadda ke aikin sakatariya a meri, ofishin magajin gari, ta kira yayanta ta buɗe muryar wayar don uwarsu ta ji.

"Yaya, wai yaushe za ka dawo gida ka zamna?"

Ya yi dariya daga can. "In yi mi Dakoro? Ni aikina na inji ne. Ranar da Dakoro ta samu injin sassaƙa irin wanda nika aiki da shi, ku shimhiɗa min tabarma."

Wasa yake yi, kowa a gidan ya san wasa ne. Badaru kaɗai ya tsaya da buta a hannu har ruwan ya ƙare a ƙasa.

Kwana uku yana juya maganar, sannan ya tambayi Lailatu wane irin inji ne wannan. Ta nuna masa a waya. Tebur ne, da wata gada a kansa mai tafiya gaba da baya. A jikin gadar akwai kai mai zuwa hagu da dama, sama da ƙasa, ɗauke da haƙori mai juyawa, ordinata, wato kwamfuta, kuma ke gaya masa inda zai bi. Na ƙarfe kuɗinsa ya kai na mota. Amma ta ce akwai masu haɗa gangar jikin da katako. Da jin katako Badaru ya gyara zama. Ranar ce ya fara kiran ɗansa da kansa tun da aka ƙirƙiro waya.

"Kai. An ce abin ga ana yin shi da katako?"

"Baba? Lahiya dai? I, ana yi."

"Turo zanen."

Zane ya zo, shafi goma sha ɗaya, Lailatu ta buga shi a takarda. Nan aka fara rigima. Badaru a Jibiya ya koyi kafinta, wurin ubangidan da bai san komai ba sai inci, don haka idonsa da hannunsa da inci suke tunani: rabin inci, inci ɗaya da kwata. Mutanen Dakoro kuwa da igiya suke kawo masa awon ƙofa, in ta ɗan yi yawa ya rage mata a bakin ɗaki, kowa ya tafi yana godiya. Wannan zane kuwa babu ruwansa da "ɗan yi yawa". Komai da milimeta aka rubuta, har ramin da ƙusa za ta shiga. Sai da dattijo ya sayi sabon metir na awo da tabarau, ya zauna yana ƙirga ƙananan layukan nan da bakin fensir yana tsaki.

Daga nan kiran waya ya zama na kullum, bayan la'asar.

"Kai. Nan an rubuta kaurin sha takwas. Wanda na samo Maraɗi sha shida da rabi ne."

"Sun cuce ka, Baba. Ka tahi da metir ɗinka, ka auna gaban mai shago."

Ya koma ya auna gaban mai shago, har aka kusa faɗa. Sannan ga sandunan ƙarfe masu zare, waɗanda za su riƙa tura gadar. Na milimeta takwas zane ya ce. Ya sayo uku masu kyan gani, ya zo gida ya ɗaura ekuru, wato noti, ekuru ya yi juyi biyu ya cije. Ashe zaren na inci ne, daga ƙetaren iyaka suka shigo. Shi da ya yi shekara arba'in yana kare mutuncin inci, ranar ya zage shi tas. Sau uku ya hau motar Maraɗi a kan sandunan nan kaɗai.

Bai taɓa gajiya ba, domin kowace matsala kira ce, kowane kira kuma muryar wancan ce. Dela tana jinsa daga madafa.

"Malam, wanga awon ai jiya ma ka tambaye shi."

"Na mance."

"Kai da har yau ba ka mance awon gadon aurenmu ba?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ita ma ba ta ƙara ba, don duk lokacin da ya kira sai ta bar abin da take yi ta matso bakin ƙofa.

Gadar farko da damina ya yanka ta. Kafin bazara katakon ya bushe ya ja jiki, milimeta ɗaya da rabi ta tafi. A aikin ƙofa wa zai lura? Amma wancan ya ce injin zai riƙa cijewa a tsakiya. Badaru ya kwance ta duka, ya jawo wani tsohon katakon maɗaci da ya daɗe yana hana kansa taɓawa, ya sake daga farko. Maƙwabcinsa Amani mai walda ya leƙo ya ga abu mai ƙafa huɗu da sanduna, ya ce, "Badaru, saƙa za ka koma da tsuhwanka?" Mutane suka ɗauka, aka riƙa ce wa abin masaƙar Badaru. Bai kula kowa ba. A ɓoye kuma ya share ɗakin da ke bayan shagon, ya yi masa sabuwar taga, ya haɗa teburin aiki na biyu wanda ya fi nasa tsayi kaɗan, don wancan ya fi shi tsawo. Da Dela ta tambaya, ya ce ajiyar katako zai yi.

Wata goma sha huɗu aka ɗauka. Ana saura kwana biyu babbar salla Zaharaddini ya sauka da kwali biyu: motoci ƙanana uku na lantarki masu juya sandunan, haƙorin sassaƙa, wayoyin wutar kuran, da wani ɗan akwati mai maɓallai. Ya gaida ubansa a durƙushe, uban ya amsa yana kallon bango. Sannan aka buɗe shago. Saurayin ya zagaya injin sau biyu. Ya ciro metir ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa, ya sake aunawa ta ɗaya ɓangaren. Awon biyu suka zo ɗaya cif.

"Baba, walle ko Yamai ban ga wanda ya..."

"Yi abin da ya kawo ka," in ji Badaru, ya juya yana neman abin da bai ɓata ba. Daɗi ne ya cika masa ƙirji har ya ji tsoron fuskarsa za ta tona shi.

Kwana huɗun da suka biyo, ban da safiyar idi, a shago suka yi su. Ɗan yana ɗaure wayoyi, uban yana miƙa masa abin da ya nema tun kafin ya nema. Ba su yi hira ba, amma kwano ɗaya Dela ta riƙa aiko musu, abin da ba a taɓa yi ba, kuma babu wanda ya mayar da shi. A rana ta huɗu aka danna maɓalli. Gada ta motsa, haƙori ya sauka da ƙara, ya zagaya a kan katako ya fitar da da'ira, ya dawo daidai inda ya fara. Bayan ita aka sassaƙa fure a fuskar ƙofa. Amani ya cire hula yana salati, mutane suka cika bakin shago har kan hanya. Badaru bai kalli furen sosai ba. Yana lissafin cewa in an wayi gari zai nuna wa wancan ɗakin baya, ya ce ga wurin ajiye kaya, sauran kuma yaro ya gane da kansa.

Gari ya waye, sai ya tarar da Zaharaddini da Lailatu a gaban ɗan akwatin.

"Baba, zo ka gani, na sauƙaƙa maka komi. Mai aiki in ya zo, Lailatu ta hwaɗa min abin da shika so. Ni in zana can Yamai, in turo mata ta waya, ta sa a ɗan katin ga. Kai naka ka ɗaure katako ka danna koren nan. Shi ke nan. Na shirya shi yadda ba sai na zo ba ko kaɗan."

Da murna ya faɗi haka, irin ta wanda ya kawo tsaraba mai tsada. Badaru ya dubi koren maɓallin ya daɗe.

"Madalla," ya ce. "Allah shi yi albarka."

Da hantsi motar Maraɗi ta tashi da shi. Uba ba ya raka ɗan fari tasha, don haka Badaru ya zauna a shago yana jera fensira.

Injin kuwa ya yi aiki, har ya ba da haushi. Daga Birnin Lalle aka zo neman ƙofofi, daga Sabon Maci allunan shaguna da kawunan gadon amare. Zane ya shigo wayar Lailatu, ta kawo kati, Badaru ya ɗaure katako ya danna kore, ya koma gefe ya harɗe hannu. Injin bai cije ba, bai karkata ba, bai bar masa ko tambaya ɗaya ba. La'asar ta yi ta zuwa tana wucewa. Sau da yawa ya ciro waya ya riƙe, amma in ya kira ya ce me? Mako biyar bai ji muryar ɗansa ba, sai gaisuwa da Lailatu ke isarwa.

Wata safiya an yi ruwa an ɗauke, kowa ya tafi gona, ya buɗe shago shi kaɗai. Ya ɗauki kile, wato sifana, mai lamba goma sha uku, ya durƙusa ta hagun gadar, ya sa a kan ekurun da ke riƙe da sanda. Tun da ya fara sana'a bai taɓa ɓata aikin hannunsa da gangan ba. Ya sassauta shi rabin juyi. Ya ɗaure guntun katako ya danna kore. Da'ira ta fito da ɗan ƙusumbi a gefe. Bai jira la'asar ba.

"Kai. Abin ga naka ya hwara karkata."

"Subhanallahi. Ɗora wayar kusa da shi in ji kukanshi, Baba."

Ya ɗora, injin ya yi tafiya ɗaya. Ya mayar da wayar kunne.

"Ekurun hagu ne, na bakin sanda. Rabin juyi kawai shika so, da kile sha uku." Zaharaddini ya ɗan tsaya. "Amma ni na ɗaure ekurun nan da hannuna, har da na biyu bisa kanshi. Ba shi kwancewa da kanshi."

Kilen yana hannun Badaru, ya rasa inda zai ajiye shi. Daga can yana jin ƙarar injinan Yamai, sai ya ji ƙarar ta yi nisa, alamar yaron ya fita waje. Da ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Baba, kada ka taɓa shi. Na sake tunani, irin wanga ba a gyara shi ta waya. Ka bar shi sai na zo."

"Yaushe?"

Kalmar ta fita kafin ya tare ta, kuma duk su biyun sun ji yadda ta fita.

"Bayan girbi, in Allah ya so. In patoron, maigidan aikina, ya bar ni."

"To."

A lokacin gero ko gwiwa bai kai ba. Badaru ya rataye kilen a ƙusarsa, ya share garin katakon da ke kan tebur, ya ɗauko wani tsohon zanen gado ya lulluɓe injin tun daga gada har ƙafafu. Da azahar mutumin Birnin Lalle ya zo karɓar ƙofofinsa biyu da suka rage, ya ga abu a rufe, ya tambaya ko babbar matsala ce.

"Babba ce," in ji Badaru. "Sai mai shi ya zo."

Ya ce in yana sauri zai yi masa da hannu, sai dai babu fure. Mutumin ya yarda, Badaru ya jawo zarto ya fara yanka.