Gaɓa Biyar ta Farfesa Anacleto

Shekara goma sha ɗaya Farfesa Anacleto yana kawo waƙa gasar ƙungiyar kiɗa da rawar samba ta unguwarmu a Rio, shekara goma sha ɗaya ana mayar masa da abarsa. Tsohon malamin harshen Fotugis ne, irin wanda ko gaishe shi ka yi sai ya gyara maka baki. Ni mai dafa wake ce a rumfar ƙungiya, na sha gyara har na gode Allah.

Bana dai waƙarsa ta kai zagayen ƙarshe, daga shi sai Jurandir direban bas. Wadda taro ya ɗauka da bakinsa, da ita za mu fita ranar kanibal, babban bikin rawa na shekara.

Ran Lahadi da la'asar aka buga ta Farfesa, taro kuwa ya ɗauke ta, har da mutanen Jurandir. Sai dai akwai wata doguwar kalma a amshin, cantaríamos, wato "da mun rera". Babbar ganga ta ja nauyin kalmar zuwa ƙarshe, mutum dubu suka bi ganga, suka haɗiye gaɓa ɗaya.

Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Na ce, "Farfesa, don girman Allah zauna ka ci wake."

Ina! Ya haye dandamali ya fizge makirufo.

"Ku dakata! Gaɓa biyar ce, ba huɗu ba! Can-ta-RÍ-a-mos! A ta uku nauyin yake, jahilan banza!"

Valdivino shugaban makaɗa ya ɗaga sandarsa, ganguna suka yi tsit. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yi mata haƙuri, gangar ba ta yi makaranta ba." Ya juya ga makaɗa. "Ku buga wa malam yadda yake so."

Suka buga. Waƙa ta fara ɗingishi, ƙafafun masu rawa suka rikice. Farfesa na tafa hannu yana ƙirga musu gaɓa kamar 'yan aji ɗaya. Mutanen da aka kira jahilai suka sulale suka yi layi a gaban tukunyata. Ko tausayinsa ban ji ba.

Alƙalai ba su ɓata lokaci ba, suka ba Jurandir.

Ina kankare tukunya ya iso yana share gumi.

"Dona Zuleide, tsakaninki da Allah, bugu na biyun bai fi daidai ba?"

"Daidai yake ƙwarai, Farfesa," na ce. "Kai kaɗai ka rera shi."