Tarin Baba a Kan Maɓalli

Layin da ke nuna sabuntawar manhaja a allon kwamfuta ya kusa cika lokacin da mai talla ya turo ƙofar situdiyo da ƙafa, waya a hannu ɗaya, kwalbar maganin tari a ɗayan. Turarensa ya riga shi shiga, mai nauyi, irin wanda ke maƙale wa mutum a maƙogwaro.

"Injiniya, har yanzu ba a gama ba?"

"Saura kaɗan, Yallaɓai. Ga kujera."

Ita ce mai haɗa sauti a wannan situdiyon da ke saman shagon masu tayoyi. Injiniya kowa ke kiranta, har masu facin da ke ƙasa. Manhajar da take aiki da ita abu ɗaya ta iya: ta ɗauki sautin ganga, ko jita, ko muryar mutum, ta shimfiɗa shi a kan maɓallan kibod, duk wanda aka danna ya yi kukansa. Tsohuwar manhajar ta saba da ita kamar tsohon takalmi, ko ido a rufe ta san inda komai yake. Manaja ne ya matsa sai an sabunta, wai mawaƙa sun fara ƙorafin kiɗan gidan ya tsufa, kuma sabuwar tana zuwa da rumbun sauti wanda ko shekara aka yi ana tona shi ba za a ga ƙarshensa ba.

Kwamfutar ta mutu ta farfaɗo. Komai ya canza wuri, launin ma ya koma wani shuɗi mai ƙyalli kamar ledar alewa. Injiniya ta yi tsaki ƙasa-ƙasa ta fara laluben inda suka kai gangunanta.

"Ga abin da nake so," in ji mai talla, ya jawo kujera har gwiwarsa na taɓa tebur. "A fara da kiɗa mai ban tausayi. Sai a ji mutum yana tari kamar zai mutu. Sai a ce sunan magani, sai kiɗan murna. Yau nake son kai wa gidan rediyo."

Ta shiga sashen kayan busa. A can ƙasa ta ga wani ƙunshi sabo, an sa masa suna da harshen masu manhajar, ma'anarsa numfashin tsoho. Sun lika masa zanen wani dattijo a gindin bishiya, rana na faɗuwa a bayansa. Ta buɗe shi, ta ɗora yatsa a tsakiyar kibod.

Sarewa ce. Kafin sautin ya fito sai da wata 'yar iska ta fara tsiyayewa, siririya, kamar ta tayar da ta huje. Injiniya ta ɗauke hannunta.

Ta san wannan iskar. Sarewar Babanta tana da tsaga a kusa da baki, ya ɗaure ta da zaren ɗinki, amma duk da haka sai ta yi wannan hucin kafin ta yi magana. Baba tela ne, ba makaɗi ba. Bai taɓa busa a gaban taro ba. In ya rufe shago ya ci abinci, yakan zauna a bakin gado ya busa waƙa ɗaya tilo da ya iya, shi ke nan. Ta ce wa kanta sarewa mai tsaga ai ba ɗaya ba ce a duniya. Ta danna maɓalli na gaba, da na gabansa. Kowanne ya fito da guntun waƙar, an yanka shi an share gefensa. Da ta hau can sama, sarewar ta ƙare. Wani maɓalli ya ja numfashi. Wani ya yi ƙarar gadon ƙarfe. Wani ya buga cokali a kofi. Na kusa da ƙarshe ya yi tari.

"Tsaya nan," mai talla ya miƙe zaune. "Sake danna wannan."

Ba ta danna ba. Shi ya miƙo yatsa mai zobe ya danna, ya sake dannawa, ya haɗa biyu a lokaci ɗaya. Tarin ya cika ɗakin ta manyan lasifikoki, mai kauri, mai ruwa a ƙasansa. A kan allo sun rubuta wa kowanne suna: tari busasshe, tari mai majina, tari mai tsawo.

"Kin ji tari ko? Wannan ba na 'yan wasan kwaikwayo ba ne, daga ƙasan ƙirji yake fitowa." Ya yi dariya yana bubbuga maɓallin kamar mai kaɗa ganga. "Duk wanda ya yi wannan tarin, wallahi bai kai labari ba."

Injiniya ta tashi ta fita. A banɗakin da ke ƙarshen baranda ta tsaya a kan kwatami, yawu na taruwa mata a baki, tana tofarwa yana dawowa. Ita ta ɗauki wannan sautin da hannunta, a watan da Baba ya rasu. Ranar ya ce a miƙo masa sarewa, Inna ta ce ƙirjinsa ba zai ɗauka ba, ya ce a dai miƙo. Ta ajiye na'urar ɗaukar sauti a kan filo, ya busa, tari ya katse shi, ya sha ruwa ya ci gaba. Mutum ɗaya kawai ta taɓa tura wa.

Ta tarar da Manaja a baranda yana jiranta, goshi a tattare.

"Lafiya kika bar baƙo shi kaɗai?"

"Mahaifina ne a cikin abin nan. Tarinsa ne."

Manaja ya sosa ƙeya. "Allah ya ji ƙansa," in ji shi, da gaske kuma ya faɗa. Sai ya leƙa ƙofar situdiyo ya rage murya. "Amma fa, Injiniya, tari ai ba shi da suna. Wa zai sani?"

Ta dube shi har sai da ya kawar da kai. Ta ɗauki jakarta ta ce masa za ta dawo kafin la'asar.

Motar haya ta ajiye ta a bakin kasuwa. Ta ratsa layin masu gilashin waya da masu caja, ta tsallake kwatar da ta toshe, har rumfar yayanta mai gyaran waya. Ta same shi a bayan kanta, ya ture gawarwakin wayoyi gefe yana cin cinyar kaza, maiƙo har wuyan hannu.

"Auta, yau ke ce a kasuwa? Bismillah."

"Yaya, wa ka ba sautin Baba?"

Bai daina tauna ba, sai dai ya rage sauri. "Au, har ya fito?"

"Ya fito."

"To madalla." Ya lashe yatsa. "Wani ne ya kawo gyaran waya, ya ji ina saurara, ya ce aikinsa ke nan, yana tara wa wani kamfani sautuka daga ko'ina. Ya kawo takarda na sa hannu. Ni ne babba, ko ba ni ba ne?"

"Ka san abin da suka yi da shi? Sun yanka shi gunduwa-gunduwa kamar nama a tire. Tarinsa ma sun raba shi kashi-kashi sun sa wa kowanne suna. Yanzu haka na baro wani ƙato yana kaɗa shi da yatsa yana dariya, zai sayar da maganin tari."

Yaya ya ajiye ƙashin. Na ɗan lokaci ta ga kamar abin ya taɓa shi. Sai ya ja tsumman da yake goge gilashin waya da shi ya goge baki.

"Ni sarewar na ba su, ban ce su ɗauki tari ba."

"A haɗe suke, Yaya. Ka saurara, ka sani."

"To na ji. Amma ki duba wani abu. Mutumin nan ya yi rayuwarsa kaf a bayan keken ɗinki, ko maƙwabta ba su san yana busa ba. Yau ga shi duniya na jinsa. Kuma rufin ɗakin Inna da aka gyara bara, da kika zo kina cewa Allah ya saka min, da me kike tsammani aka yi shi?"

Wannan ta shige ta. Ta tuna ranar da ta kwanta a ɗakin ana ruwa, tana jin daɗin babu ɗiga ko ɗaya.

"Inna ta sani?"

"Me zai sa in ɗaga mata hankali? Ke ma kar ki je ki ɗaga."

"Kira mutumin. Ka ce su cire."

"Lambarsa ba ta shiga tun tuni. Kuma takardar ta ce har abada ne, ya karanta min."

Ta tsaya tana kallon kudaje biyu da suka sauka a kan ƙashin kazar. "To turo min na asalin. Nawa ya tafi da rumbun kwamfutata da wuta ta ƙona. Na ɗauka naka yana nan, shi ya sa ban damu ba."

Yaya ya kalli tarin wayoyin da ke gabansa kamar amsar na cikinsu. "Wayar ai na sayar da ita. Na goge komai kafin in bayar, kin san ƙa'idar aiki."

Ta juya ta fice daga rumfar. Ya kira ta sau biyu, Auta, Auta, ba ta waiwaya ba.

Da ta koma situdiyo, mai talla yana nan, ya cire takalmi ya ɗora ƙafa a kan kujerarta. Manaja ya saya masa lemo yana ta ba shi haƙuri. Ta jira ya sauke ƙafar, ta kakkaɓe kujerar ta zauna.

"Yallaɓai, wancan tarin ba zai yiwu ba."

"Saboda me?"

"Duk wanda ya sabunta manhajar nan yana da shi. Gobe za ka ji shi a tallan wani maganin, mutane su ce kwaikwaya ka yi." Ta nuna masa ɗakin makirufo. "Kana shan sigari, ko ba haka ba? Shiga ka yi naka. Babu wanda zai taɓa samun irinsa."

Mai talla ya dubi Manaja, Manaja ya gyaɗa kai da sauri. Abin ya yi masa daɗi, har da gyara wuyan riga. Ya shiga ya tsaya a gaban makirufo ya yi wani ɗan tari na ladabi.

"Bai yi ba," in ji ta ta cikin lasifika. "Daga ƙasa."

Ya sake.

"Bai yi ba. Kamar za ka mutu, haka ka ce."

Ta sa shi ya yi ta yi. Tarin ƙarya ya tono na gaske, na gaske ya ƙi tsayawa. Idanunsa suka yi ja, jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya dafa bango yana neman inda zai tofar. Tun na uku ta samu wanda ya isa, amma ba ta ɗaga masa hannu ba sai da Manaja ya taɓa mata kafaɗa. Ta yi tsammanin za ta ji sanyi a ranta. Ba ta ji ba. Da ya fito ta ga feshin yawunsa a kan ragar makirufo, ta san ita za ta wanke.

Ta haɗa tallan da jita daga tsofaffin sautukanta. Mai talla ya saurara yana shan ruwa, ya ce da muryar da ta dishe ai shi ma ashe ɗan wasa ne. Manaja ya raka shi ƙasa, daga can ya wuce gida.

Ta wanke ragar da sabulu ta shanya a taga. Rana ta yi sanyi, masu tayoyi a ƙasa suna ta buga ƙarfe. Ta dawo ta buɗe ƙunshin, ta kai linzamin kwamfuta kan wurin gogewa. Manhajar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta daɗe tana kallon tambayar. In ta goge, daga kwamfutarta kawai zai fita, yana nan a dubban wasu. Kuma in ya fita daga tata, ba ta da wani wurin da za ta sake jin sa.

Ta ce a'a. Ta gwada canza wa ƙunshin suna, manhajar ta ce ba ta da izini.

Sai ta buɗe sabon shafin aiki, ta sa abin ji a kunne. Ta san waƙar tun tana rarrafe. Ta fara ɗauko guntayen ɗaya bayan ɗaya tana jerawa, wannan bayan wancan, tana matsar da su har su haɗu. Ta mayar da numfashi gaban kowane dogon sauti. Ta mayar da ƙarar gado inda ya gyara zama. A tsakiyar waƙar akwai wurin da sautinsa ya karkace ranar, ta neme shi sama da ƙasa babu, sun zubar da shi. Ta bar gurbin a buɗe.

Bayan gurbin ne tarin ya zo masa, ta tuna. Ta ɗauko mai tsawon, ta ajiye shi a wurinsa, ta bi shi da cokali a kofi. Sannan ta koma farko, ta jingina da kujera, ta danna wurin kunnawa.