Launin Fulogin Gimbiya

Baba bakanike ne, kuma ba ya yarda da abin da mai mota ya faɗa sai ya kwance fulogi ya gani da idonsa. Yakan ɗaga shi wajen haske yana juyawa a hankali. In bakinsa ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi wa injin yawa. In ya yi fari fat kamar alli, iska ta rinjayi mai, kuma irin wannan injin yana dab da ƙonewa. Abin da ake so shi ne ruwan ƙasa, kamar shayin da aka ɗiga wa madara.

Motar Yaya ce ta jawo mana tashin hankali. Tsohuwa ce ja, yana kiranta Gimbiya. Ya cire mata matatar iska ta asali ya sa wata mai wangamemen baki, ya ɗaura mata salansa mai faɗi. Tun daga nan ta fara tari, tana zafi, wani lokaci ta saki ƙara kamar an harba bindiga. Kullum da yamma yakan shigo da ita garejin Baba da ke jikin gidanmu. Baba ya kwance fulogi, ya ga baƙi wuluk, ya rage mai a kafireto. Washegari abin ya ƙara lalacewa.

Lokacin Baba bai daɗe da fara sa tabarau ba, kuma bai yafe wa tabaraun ba. Wata yamma ina zaune a bakin ƙofa da littafina ya kira ni.

"Malama, zo ki ara mini ido. Wane launi ne wannan?"

"Baƙi ne, Baba."

"Baƙi na gaskiya, ko baƙin tausayin tsoho?"

"Wallahi baƙi ne."

Ya daɗe yana kallon fulogin. Sannan ya ce wa Umma, da ta leƙo da kofin ruwa, "Ido ya ce baƙi, hannu ya rage mai, mota ta ce ƙarya muke yi. To, a cikinmu akwai wanda ya ƙare. In Gimbiya ta gagare ni, zan miƙa wa ƙanena makullin garejin nan in huta."

"Ka huta ka yi me?" in ji Umma. "Ka zauna ka kwance mini keken ɗinki?"

Bai yi dariya ba. Baba kuwa ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Akwai abin da na sani, sai dai ban ɗauka ya shafi fulogi ba. Yaya ne ke ɗauko ni daga makaranta. Da mun hau doguwar hanyar bayan masana'antu sai ya taka totur har ƙasa, ni kuwa in rufe fuska da jaka ina salati. Amma da mun iso kwanar kantin magani sai ya rikiɗe ya zama dattijo. Ya lallaɓa motar kamar mai ɗauke da ƙwai, ya tsaya a ƙofar wani tela ya bar ta a silo, inji na aiki tana tsaye, ya fita ya gaisa da kowa har injin ya huce. Dalili kuwa, Baba bai yarda ya taɓa Gimbiya ba sai da Yaya ya yi alkawarin allurar gudu ba za ta wuce wani ɗigo da Baba ya yi wa gilashin allurar da jan farcen Umma ba.

"In kika faɗa," Yaya ya sha gaya mini, "ƙafarki ce motarki, Uwar Littafi."

Washegari ma fulogin ya fito baƙi. Baba ya cire tabarau ya zauna a kan tsohuwar taya, yana magana kamar shi kaɗai.

"Fulogi ba ya faɗin komai sai abin da inji ya yi a ƙarshe. Da a ce ana gudu da ita, sai in ce tana shan iska a can, silo kuma yana shafa mata baƙi kafin ta iso ni. Amma yaron nan ko akuya tana wuce shi a hanya."

Na kalli Yaya. Yaya ya kalli takalminsa. Na jira shi ya yi magana, har na ƙirga masa uzuri a raina, amma bakinsa ya ƙi buɗuwa. Baba ya laluba aljihu, na ji ƙarar makullan gareji.

"Baba," na ce, muryata kamar ta sauro, "a bayan masana'antu allurar tana wuce jan farcen."

"Da kaɗan?"

"Ba na gani sosai. Jaka nake sawa a fuska."

Yaya ya durƙusa ya fara, "Baba, ka yi haƙuri, wallahi..."

"Tashi. Ɗauko sifana da tsumma. Malama, shiga baya."

Da muka hau doguwar hanyar babu kowa a kanta, amma ƙafar Yaya ta ƙi sauka a gaban mahaifinsa.

"Ko in fita in tura?" in ji Baba. "Tuƙa kamar ba na ciki."

Yaya ya taka. Gimbiya ta yi kururuwa, iska ta cika motar, na nemi jakata na tuna na baro ta a gida. Can Baba ya ɗaga murya, "Taka kuloci! Kashe ta yanzu!" Injin ya mutu, motar ta gangara shiru har gefen hanya.

Baba ya buɗe murfin inji, ya naɗe hannu da tsumma ya kwance fulogin da zafinsa. Ya ɗaga shi wajen rana. Na matso don in ara masa ido, amma bai tambaye ni ba.

"Fari fat!" ya ce. Ya sake juya shi, sai dariya ta ƙwace masa har yana riƙe murfin inji. "Baiwar Allah yunwa take ji, ni kuma ina rage mata abinci. Kai ka buɗe mata hanci, ni na ɗaure mata baki. Da mun ƙara kwanaki da mun kashe ta mu biyu."

A gareji ya kwance kafireto, ya cire ɗan bututun da ke fesa mai ya sa wanda ya fi shi faɗin rami. Suka sake fita, wannan karon na ce ina da karatu. Da suka dawo ya ajiye mini fulogi a kan littafina. Ruwan ƙasa ne, kamar shayi da madara.

Makullan gareji suna nan a aljihun Baba. Na Gimbiya kuwa yana rataye a ƙusa saman akwatin sifanu, sai ranar da Baba ya ga dama. Yanzu ni da Yaya motar haya muke shiga. Bai yi mini magana ba tukuna, amma jiya da muka shiga ya matsa ya bar mini wajen taga.