Alhaji Abdou a Bayan Moton Ƙanƙara

Ilya bai taɓa ce wa mahaifinsa a'a ba. Ba tsoro ba ne, don Alhaji Abdou ko tsawa ba ya yi. Haka dai aka tashi a gidansu a Damagaram, in Baba ya yi magana sai "to". Shi ya sa ranar da tsohon ya ajiye kofin shayinsa a ɗakin 'yarsa Raliatou, can wajen Porte de la Chapelle a Paris, ya ce, "Ilya, in sanyin nan ya wuce ka tattaro ka dawo gida, gareji yana jiranka," bakin Ilya ya riga zuciyarsa. Ya ce to.

Raliatou, yayarsa, ta bi shi ɗakin girki ta tura ƙofa.

"To ɗin me? Ba kai ka ce mini ko an ɗaure ka ba ka barin duwatsun nan naka ba?"

"Yaya, a gabansa zan ce me?"

"Ka ce abin da ke ranka mana. Ƙaton banza, da gemunka."

Ya yi dariyar yaƙe. Aikin ido ne ya kawo Alhaji Faransa, an cire masa yana, kuma ya kusa komawa. In ya hau jirgi da wannan "to" ɗin, magana ta ƙare. Ilya kuwa yana son aikinsa kamar me. Wata ƙungiya yake yi wa aiki, ta masu zamiya a kan ƙanƙara, irin waɗanda ba su son wuraren da jama'a ke cinkoso, sai can cikin duwatsu inda babu kowa. Suna da wani masauki na katako a sama, inda hanyar mota ba ta kai wa. Ilya ke kula da motocin ƙanƙararsu, shi ke gyara, shi ke hawa ya kai musu burodi da tukunyar gas da kayan zamiyarsu. Mutumin da ya tashi cikin rairayi, ga shi yanzu in bai ga farin dutse ba sai ya ji kamar ba shi da lafiya.

Ilya ya ce a ransa bari dai tsohon ya ga aikin da idonsa, tunda idon ya buɗe. Suka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon.

A Vénissieux, gefen Lyon, ƙungiyar take da ɗan garejinta, bayan dogayen benayen unguwar Minguettes. Alhaji ya shiga ya tsaya, hannu a baya. Ya yi ƙuruciyarsa yana jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Damagaram da Agadas har Bilma kafin ya buɗe nasa garejin, saboda haka ba a yi masa burga da ƙarfe. Ya dubi sifanoni a jere a bango, kowane a mazauninsa, ya gyaɗa kai. Ya zare sandar awon mai ya shinshina. Sannan ya zagaya moton kansa, abu kamar babur amma babu taya ko ɗaya: gaba ƙafafu biyu masu zamiya, baya wani faffaɗan bel na roba mai haƙora.

"Wannan ne ya riƙe ka?" in ji shi. "Ai abin wasan yara ne."

Ilya ya ce, "Haka ne, Baba."

Haka ne fa. Kai, Ilya.

Ranar Asabar da hantsi suka isa gindin duwatsun, inda kwalta ta ƙare, suka sauke moton daga tirela. Masu zamiya sun riga sun yi gaba da ƙafa, sawunsu ne kawai ya rage. Ilya ya ɗaure kaya a jikin akwatin da moton ke ja, ya duba bel, ya duba mai, ya bar inji ya ɗumama. Ya naɗe tsohon cikin wata ƙatuwar rigar sanyi a kan babbar rigarsa, ya sa masa hular kwano. Alhaji ya yi bisimilla ya hau baya.

Kwanakin baya an yi ruwa, sannan sanyi ya biyo ya daskarar da shi. Tsakiyar hanyar dajin ta yi tauri kamar daɓen siminti, sai sheƙi take. A gefe ne kawai akwai dusar ƙanƙara mai taushi. To shi wannan moton, da dusar nan yake huce zafinsa. A ƙarƙashinsa akwai farantin ƙarfe da ruwan inji ke ratsawa, bel ɗin ne ke kwaso dusa yana watsa masa. In aka daɗe a kan tauri, farantin ya bushe, inji ya ɗauki zafi. Ilya ya san wannan kamar sunansa, don haka ya karkata gefe. Moton ya ɗan nutsa, ya yi rangaji, ya ci gaba.

Sai ya ji an buga kafaɗarsa.

"Koma kan tauri," in ji Alhaji a kunnensa. "Wa ya koya maka barin tauri ka shiga taushi da kaya a baya?"

Ba laifinsa ba ne. A hamada, taushi shi ne halaka. Rairayi mai laushi ya haɗiye kamiyo har ciki, mutane su kwana suna tono da tasoshin abinci. Duk wanda ya koyi tuƙi a hannun Alhaji, abin da ya fara ji ke nan.

Ilya ya ce to, ya koma tsakiya.

Suka wuce wata 'yar gada, jar fitilar zafin inji ta kama a gabansa. Ya gan ta sarai. Ya saci jiki ya ɗan gangara gefe, yana fatan tsohon na kallon itatuwa. Ina. Aka sake buga kafaɗa, ya sake komawa. Warin roba mai ƙuna ya fara tasowa, ƙarar injin ta canza, can sai ya yi tari ya mutu. Shiru ya rufe dajin, ba ka jin komai sai ƙas-ƙas na ƙarfe mai zafi.

Alhaji ya sauka a hankali. Ya cire safar hannu ya kai tafinsa kusa da injin, ya janye. Ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa hannu gefen hanya ya dumtso dusa, ya watsa wa farantin. Ta yi cuu, tururi ya tashi.

"Da wannan yake sha?"

"Da shi, Baba."

"Ka sani?"

"Na sani."

"Yaushe fitilar ta kama?"

"Tun gada."

"Ka gan ta, ka yi shiru."

Ilya ya sunkuyar da kai. "Kun ce in koma kan tauri."

Tsohon ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa. Bai ɗaga murya ba, amma ransa ya ɓaci, ana gani.

"Ni baƙo ne a hanyar nan, kai ke riƙe da kan moto. Da a hamadar Tenere ne, da wannan ladabin naka ya kashe mu."

Suka shiga kwasar dusa suna cusawa a ƙarƙashin moton, tsoho na wannan gefe, ɗa na wancan. Ilya ya shafa robar da bel ke gudu a kanta, ta ɗan narke amma za ta kai su. Sai jira ya rage. Suka zauna a kan akwatin kaya. Can nesa a jikin dutse ana hango masu zamiyar, ƙanana, suna hawa a jere. Alhaji ya daɗe yana kallonsu da sabon idonsa.

"Ilya."

"Na'am, Baba."

"To ɗin da ka ce mini a ɗakin Raliatou, shi ma irin wannan ne?"

Ilya ya so ya ce a'a, ya so ya ce Allah ya kai mu lokacin. Ya dubi tururin da ke fita daga ƙarƙashin moton.

"Irinsa ne. Ba na son komawa, Baba. Ina son aikin nan. Ku gafarce ni."

Maganar ta yi wa tsohon zafi. Bai ɓoye ba, kuma Ilya ya gani, ya ji kamar ya janye ta. Alhaji ya murza yatsunsa da sanyi ya kama, ya yi ta murzawa.

"Da kai a raina na gina garejin nan," in ji shi. "Da na koma na zauna a bakin ƙofa, duk motar da ta tsaya in ce kai ne." Ya numfasa. "Allah ya yi maka albarka a inda kake. Amma kada ka ƙara ce mini to alhali ba to ba ne. Ba ni da sauran shekarun jira."

"Amin, Baba," in ji Ilya.

"Tada shi mu gani."

Injin ya tashi, fitilar ba ta kama ba. Alhaji ya sa safarsa ya hau baya ya zauna daram. Ilya ya ja a hankali, ya bar tsakiyar hanya ya shiga taushi sosai. Moton ya nutsa, ya yi rangaji, dusa ta tashi ta bayansu. Ya ji jikin tsohon ya sandare, sannan hannunsa ya taso ya sauka a kafaɗarsa.

Ilya ya jira bugun. Hannun bai buga ba, riƙe shi kawai ya yi, har suka hango hayaƙin masaukin.