Kafaɗar Zalɓe

Da gidan talabijin ya tashi sabunta wani wasan kwaikwayo da ya yi shekara arba'in da suka wuce, sai aka duba aka ga duk waɗanda suka yi aikin sun riga mu gidan gaskiya, saura mai kyamara. Shi ma ba lafiya ya fi su ba, taurin rai ne kawai. Yana zaune shi kaɗai a ciki da falo, da kujeru biyu, ɗaya ta zama ma'ajiyar jaridu don babu mai zuwa ya zauna.

Mai gyaran hoto, wata mata mai tabarau da furfura jefi-jefi, ita ta aika aka ɗauko shi. Ta zaunar da shi gaban wani ƙaton allo, a ɗaki mai sanyi kamar cikin firji.

"Baba, talabijin ɗin yanzu faɗi gare su," in ji ta. "Ko dai mu yanke sama da ƙasa, 'yan wasa su rasa huluna, ko mu buɗe gefe da gefe. Fim ɗin da kuka ɗauka ya fi abin da aka nuna wa mutane faɗi. Sai dai gefen cike yake da tarkace, ga wayoyi, ga ƙafafun ma'aikata. Ku za ku nuna mini abin gogewa."

"Goge duka," ya ce. "Ni abin da ke cikin layi na ɗauka. Na waje ba ruwana da shi."

Haka yake tun yana saurayi. In ya kafa ido a kyamara, ko gobara ake yi a gefe ba zai waiga ba. Halin nan ne ya raba shi da abokinsa tilo, mai riƙe sandar makirufo, wani dogo siriri da ake ce wa Zalɓe. Kwano ɗaya suke ci, babur ɗaya suke hawa zuwa aiki. Wata rana ana tsakiyar ɗaukar fitowar da ta fi kowace wuya, makirufo ya sunkuyo cikin hoto. Mai kyamara ya wanke Zalɓe tas a gaban jama'a. Zalɓe ya jingine sandarsa ya tafi, kuma har ya rasu ba su sake gaisawa ba. Kewarsa ta ci mai kyamara ba kaɗan ba, amma kullum yana lallashin kansa da cewa ai shi ke da gaskiya. Da ita yake kwana, da ita yake tashi.

A rana ta uku matar ta ce, "Wannan fitowar sau biyu kuka ɗauke ta. Ga wadda kuka yar, mu gani ko da abin amfani."

Ta buɗe hoton har gefe. Can hagu, bayan tsohon layin, bangon katakon da aka kafa a matsayin ɗaki ya rinjayo, yana shirin rufta wa 'yar wasan da ke zaune a ka. Ga Zalɓe nan ya tare shi da kafaɗa, ya cije leɓe, ɗaya hannun yana riƙe da sandar, tana rawa tana sunkuyowa. Sai wata murya ta fashe da zagi, tangaram, don makirufon Zalɓen ne ya ɗauke ta.

Mai kyamara ya gane muryarsa ce. Lalle akwai waɗanda suka gani a ranar, amma wa zai tare shi da magana in ya hau?

"Kar ki goge wannan," ya ce a hankali.

"Ai ba ma za a nuna shi ba, Baba. Ku kawo wayarku in sa muku."

Kwana biyu ya yi yana tambaya kafin ya gano 'yar Zalɓe. Tela ce, tana da ɗan shago a bayan tashar mota. Ya ce mata shi tsohon abokin aikin babanta ne, ya miƙa mata wayar. Ta tsayar da keken ta kalla, ta dafe ƙirji.

"Wayyo Baba! Ashe kafaɗar ke nan. Har ya rasu ba ya iya ɗaga hannun nan ya sa riga, ni ke sa masa. Ce mana ya yi daga tsani ya faɗo."

Sai muryar ta taso. Matar ta saurara har ƙarshe, fuskarta ta sauya.

"Wane mara imani ne wannan yake zaginsa haka?"

Tsufa ya cinye muryarsa tuni, da ya ce bai sani ba da shi ke nan. Ya dubi Zalɓe a ɗan allon wayar, har yanzu yana tare da bango.

"Ni ne, 'yata."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙo masa wayar, ta gyara yadin da ke ƙarƙashin allura. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, ko zagi ne ta yi masa ya samu ya tafi da shi. Ta taka keken ta ci gaba da ɗinkinta.